Yadda ake zana gaɓar teku mai kurmin mangurof a OpenStreetMap, kana zaune a Kebbi

Ruwan da ya shigo Najeriya ta Lolo, ya ratsa Yawuri, ya kwanta a tafkin Kainji, shi ne dai ke gangarawa ta Jebba da Lokoja da Onica har ya rabu gida biyu, Forcados da Nun, sannan ya tarwatse cikin ƙoramu barkatai kafin ya faɗa tekun Atlantika. A ƙarshen wannan tafiya ake samun mangurof, itatuwan da ke tsiro cikin laka a inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. Najeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan wannan kurmi. Akasarinsa yana Ribas da Bayelsa da Delta, sai Akwa Ibom da Kuros Riba, da abin da ya saura a Ondo da Legas.

Wannan jagora na wanda ya riga ya ɗan saba ne, ya zana gidaje da tituna a OpenStreetMap, taswirar duniya ta intanet da masu sa-kai ke zanawa, ko a ayyukan sa-kai na HOT, ƙungiyar da ke zana taswira don aikin agaji, ko a ƙungiyar ɗalibai, yanzu kuma yana son ya taɓa gaɓar teku. Ba sai ka taɓa ganin teku da idonka ba kafin ka yi aiki mai kyau. Amma akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe tun daga nan: kurmi abu ne daban, layin gaɓa abu ne daban. Kurmin ka zana shi son ranka, da kyau. Layin gaɓa kuwa shi ne na ƙarshe da za ka taɓa, kuma kaɗan.

Me ya sa gaɓar mangurof ke rikita mutane

Mu mutanen gulbi mun san ruwa na cikowa yana janyewa, sai dai namu na shekara ne. Damina ta cika fadamar Argungu da ta Birnin Kebbi, rani ya zo ya kwashe, a shuka shinkafa a inda jiya kwalekwale ke wucewa. To, teku haka yake yi, amma sau biyu a yini ɗaya. Tsakanin cikowa da cikowa kamar awa 12 ne da minti 25. Girman cikowar kuma yana bin wata: wajen tsayuwar sabon wata da wajen daren sha huɗu ruwa ya fi hawa, ya fi kuma janyewa. A Legas bambancin hawa da sauka kusan mita 1 ne, yana ƙaruwa in ka nufi gabas, har ya kai wajen mita 3 a Kalaba. Ƙasar Neja Delta shimfiɗaɗɗiya ce, don haka hawan mita guda yana iya shafe fili mai faɗin gaske.

Ƙa'idar OpenStreetMap ta ce layin da ake sa wa laƙabin natural=coastline, wato layin gaɓar teku, yana bin matsakaiciyar iyakar da ruwa ke kaiwa a lokutan babbar cikowa. A bakin rairayi ko dutse wannan ba wuya, ana ganin alamar inda ruwa ya tsaya. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Mangurof yana rayuwa ne daidai a tsakanin iyakar cikowa da ta janyewa. Da safe gindinsa laka ce, da rana ruwa ya shige ƙarƙashinsa ya rufe saiwoyi, amma daga sama kai kore kawai kake gani ko yaushe.

Shi ya sa masu taswira suka rabu biyu. Wasu sun ce a bi ƙa'ida yadda take a rubuce: tunda ruwa na shiga kurmin, layin gaɓa ya bi bayansa, ta ɓangaren tudu, kurmin ya zauna a ɓangaren teku. Wasu sun ce a bi bakin itatuwa na waje, domin shi ne ake iya gani a hoto, shi ne kuma abin da matuƙin jirgin ruwa ke gani a matsayin gaɓa, kamar yadda masu taswirar jiragen ruwa suka daɗe suna yi. Kowane ɓangare na da hujja, har yau kuma za ka ga ƙasashe sun bambanta.

Ra'ayina game da Neja Delta shi ne wannan. Kurmin can ba siririyar zoba ba ce a bakin ruwa, faɗinsa na kai kilomita gommai a wasu wuraren, da garuruwa da ƙauyukan masunta a ciki. Wanda ya ɗauki layin gaɓa ya tura shi bayan kurmin shi kaɗai, ya mayar da rabin ƙaramar hukuma teku ke nan a taswirar duniya, bisa iyakar da shi kansa ba ya iya gani a hoto. Saboda haka na fi karkata ga bakin itatuwa na waje. Amma abin da ya fi ra'ayina muhimmanci shi ne tsarin da ka tarar a wurin: in na gabanka sun bi waje, bi waje, in sun bi ciki, bi ciki. In kana ganin ya kamata a sauya, da masu taswirar Najeriya za ka yi magana, musamman na Fatakwal da kewaye, kafin ka motsa ɗigo ɗaya.

Mataki na farko: kayan aiki da gwajin hannu a gida

Waya ba ta dace da wannan aiki ba. Nemi kwamfuta da linzami na gaske. Manhajar iD da ke buɗewa a burauza ta isa ka fara, amma in za ka daɗe a harkar, sauke manhajar JOSM a kwamfutarka. Dalili biyu ne: mai binciken kuskurensa ya san matsalolin gaɓa, kuma yana barinka ka sauke yanki, ka ajiye aikinka a kwamfuta. In wuta ta ɗauke ko data ta ƙare, ba ka yi asarar wahalarka ba.

Kafin ka gangara kudu, gwada hannunka a ruwan da ka sani. Zana wani sashe na gulbin da ya bi ta Argungu da natural=water da water=river, ka zana fadamar gefensa, ka zana gungu ɗaya na wajen Yawuri. Nan za ka koyi haɗa fili biyu a kan iyaka guda da kuma fitar da tsibiri daga cikin ruwa, a wurin da in ka kauce idonka zai gaya maka. Ka lura, komai girman Kainji ba a sa masa natural=coastline. Wannan laƙabi na teku ne; tafkin dam natural=water ne da water=reservoir.

Mataki na biyu: zaɓi ɗan wuri, ka karanta tarihinsa

Kada ka ce za ka gyara daga Escravos ta Delta zuwa Bonny ta Ribas. Ɗauki fili kamar kilomita 2 zuwa 3 a kowane gefe, wanda ƙoramu suka kewaye.

Danna layin gaɓar da ke wurin ka buɗe tarihinsa, Ctrl+H a JOSM. Abin da kake nema shi ne wa ya zana, yaushe, da wane hoto. In ka ga source=PGS, to tsohon layi ne da aka shigo da shi a shekarun farko na OpenStreetMap, wanda aka kafa a 2004, daga bayanan da aka ciro a hotunan tauraron ɗan adam na Landsat. Irin wannan layi yakan yi gwari-gwari, ya yanke kusurwa, ya haɗiye ƙananan ƙoramu, kuma gyara shi alheri ne. In kuwa ka ga wani ya zauna ya bi shi ɗigo-ɗigo a 'yan shekarun nan, tura masa saƙo tukuna. Duba kuma ko layin na cikin wata dangantaka, wato relation, abin da ke ɗaure layuka da yawa su zama abu ɗaya, domin akan jingina iyakar jiha ko ta ƙaramar hukuma da layin gaɓa. Ka share shi, ka ɓalla iyaka ba ka sani ba.

Mataki na uku: hoto

Hotunan da manhajar ta ba ka kawai za ka yi amfani da su, irin su Bing da Esri da Mapbox. Google Maps da Google Earth ba a kwafa daga cikinsu, ko da ɗigo ɗaya ne, saboda lasisinsu bai dace da na OpenStreetMap ba. Akwai kuma taswirar mangurof ta duniya, Global Mangrove Watch, wadda aka gina da hotunan radar na hukumar sararin samaniyar Japan. Tana da amfani wajen fahimtar inda kurmi yake a faɗin duniya, amma ba a ɗebo ta a zuba. Shigo da bayanai na da nasa dokoki da neman izini.

Buɗe aƙalla hoto biyu kana sauyawa tsakaninsu. Yankin nan hadari ba ya rabuwa da shi, ruwan saman da ke sauka a Bonny ko Brass ya ninka namu na Birnin Kebbi sau da yawa, don haka hoton da kake gani sau tari faci-faci ne, an ɗinka na shekaru daban-daban. Duba ranar ɗauka inda manhajar ta nuna. Sannan ka tambayi kanka: a wannan hoton ruwa ya kawo ne ko ya janye? Alamar janyewa ita ce laka mai launin toka ko ƙasa-ƙasa a gefen ƙorama, tana ƙyalli, da 'yan siraran hanyoyin ruwa a jikinta, wani lokaci har da kwalekwale kwance a kanta nesa da ruwa. Alamar cikowa ita ce ruwa ya manne da ganye ba tazara. Hoton janyewa ya fi nuna maka komai, amma ya fi yaudara: bakin laka ba gaɓa ba ne.

Hotuna sukan goce da juna da 'yan mitoci. Je gari mafi kusa ka ga wanne ya zauna daidai kan titunan da aka riga aka zana da sawun GPS, ka daidaita sauran da shi, sannan ka koma kurmi.

Mataki na huɗu: gane mangurof daga sama

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Ba duk kore ne mangurof ba.

In ka taso daga teku ka nufi arewa a Neja Delta, za ka fara cin karo da tudun rairayi mai tsawo a bakin teku, da kwakwa da ƙauyuka da 'yan gonaki. Wannan tudu ne sosai. Bayansa ne kurmin mangurof ke farawa. Bayan kurmin kuma sai dajin fadama na ruwan daɗi, sannan tudun noma.

Mangurof yana da launin kore mai duhu, lafiyayye, kusan bai ɗaya. Ba hanya a cikinsa, ba gona, ba rufin kwano. Ƙoramu sun ratsa shi suna lanƙwasa suna rassa, manya na haifar ƙanana har su ɓace cikin ganye. Zuƙo sosai bakin wata ƙorama a bayan Bonny ka duba: a gefen ruwa itatuwan dogaye ne masu kauri, inuwarsu na faɗawa kan ruwa, waɗannan su ne jan mangurof mai saiwoyin da ke saukowa daga jikin itace su kafe a laka. Ka matsa ciki kaɗan sai su gajarce, launin ya koma fari-fari, har ka riƙa hango laka a tsakaninsu. Duka biyun kurmi ɗaya ne, kada ka yanke su biyu.

Dajin ruwan daɗi kuwa kansa ba daidai yake ba. Manyan itatuwa sun ɗara ƙanana, launuka sun gauraya, ga tukurwa a ciki. Shi laƙabinsa natural=wetland da wetland=swamp. Iyakarsa da mangurof wani wuri a fili take, wani wuri a hankali ɗaya ke narkewa cikin ɗaya. In ta narke, bi tsakiya, ka sa laƙabin fixme, alamar wurin na bukatar a sake dubawa, ka rubuta cewa iyakar ƙiyasi ce.

Sai wata bishiya mai kama da kaba, nipa, wadda aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906. Ta bazu ta mamaye gaɓoɓi da yawa a Kuros Riba da Akwa Ibom da Ribas, tana korar mangurof na asali. Daga sama ta fi haske, ganyenta baje-baje. Ita ma a ruwan cikowa take tsiro, saboda haka wetland=mangrove ya dace da ita. Sunan jinsi, species=Nypa fruticans, kada ka ƙara shi sai wanda ya je wurin ya tabbatar.

A wani zaman koyo da muka yi, wata ɗaliba ta tsaya kan wani fili toka-toka a gabashin Fatakwal, ƙoramu na nan da rassansu amma ba ganye. Ta ce, "Malam, nan gona aka share ko gobara ce?" Ko ɗaya. Irin abin da malalar ɗanyen mai ke bari ke nan. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni, wanda ya fito a 2011, ya yi bayanin yadda mai ya kashe mangurof a ƙoramun yankin, ciki har da na Bodo. Irin wannan wuri abin da ke nan yau za ka zana. In laka ce tsirara da ruwa ke rufewa yana buɗewa, wetland=tidalflat ce. Amma duba hoto mafi sabo, domin ana sake dasa mangurof a wasu sassan, ƙananan dashe kuma ba sa fitowa a tsohon hoto.

Layi miƙaƙƙe sak da ya yanka kurmi ba aikin ruwa ba ne. Ko hanyar bututu ce, ko magudanar da aka haƙa don jirage. In akwai ruwa a ciki, waterway=canal.

Mataki na biyar: ruwa tukuna, sannan kurmi

Fara da tsakiyar hanyoyin ruwa. Kogin da ya taho da ruwan daɗi daga tudu waterway=river ne, ka ƙara tidal=yes a sashen da cikowar teku ke shafa. Ƙoramar da ba ta da mafari a tudu, teku ne kawai ke cika ta yana kwashewa, waterway=tidal_channel ce, ana zana ta daga ciki zuwa teku. Kowace ƙarama ta haɗu da babbarta a ɗigo ɗaya. Wannan ba ado ba ne: a can ƙorama ita ce titi, da ita ake kai mara lafiya asibiti.

Wadda ta yi faɗin da za ka iya bin gefe biyunta a sarari, zana ta a matsayin fili ma. Wadda ganye ya kusa rufewa, layi ya ishe ta.

Yanzu kurmi. Zana fili rufaffe ka sa natural=wetland da wetland=mangrove. Mutane kan so su sa natural=wood don sun ga itatuwa; ba a yi, laƙabin mangurof ya riga ya faɗi cewa itatuwa ne. Ka bar ƙoramu su yanka maka kurmin gunduwa-gunduwa, kowane yanki tsakanin ruwa da ruwa ya zama fili mai zaman kansa. Layi ɗaya ba ya ɗaukar ɗigo fiye da 2,000, kuma tun kafin ka kai nan ƙaton fili ya zama wahala ga duk wanda zai gyara bayanka.

Inda kurmi ya jingina da ruwa, su yi tarayya a ɗigo, kada ka bar 'yar tazara kuma kada su hau juna. Ka danna ɗigo biyu na layin da ke akwai, sannan ka riƙa danna F, manhajar za ta bi layin da kanta. iD da JOSM duka suna yi. Game da yawan ɗigo: a lanƙwasa ka matso da su, a miƙe ka ware. Ba kowane reshe da ya leƙo ruwa ake zagayewa ba. Tazarar mita 10 zuwa 30 a lanƙwasa ta wadatar.

In akwai tudu a tsakiyar kurmi, da gidaje da jirage a ɗaure, fitar da shi. Zana kewayensa, ka zaɓe shi tare da filin kurmin, ka haɗa su su zama type=multipolygon, na waje outer, na ciki inner. Ƙauyen ka sa masa landuse=residential, gadar katakon da jirage ke tsayawa man_made=pier.

Mataki na shida: layin gaɓa

In ka iso nan, aikinka ya riga ya yi amfani ko da ba ka taɓa gaɓa ba. Wanda ya buɗe taswira zai ga kurmi da iyakarsa ta waje da ta ciki, ko wane ra'ayi yake bi zai sami layinsa.

Abin da ya sa ake tsoron natural=coastline shi ne ba naka ba ne kai kaɗai. Guntayen layuka ne aka ƙulla baki da baki, suka zagaye nahiya gaba ɗaya. Daga wannan zobe ake lissafa ina ne ƙasa, ina ne teku. Dokokinsa uku ne, ba sassauci.

Alkibla: in kana tafiya yadda kibiyar layin ta nuna, ƙasa na hagunka, ruwa na damanka. A gaɓar Najeriya, inda teku ke kudu, layin na tafiya ne daga Legas ya nufi Kalaba ko akasin haka? Tsaya ka lissafa: in ka fuskanci gabas, hagunka arewa ne, nan ƙasa take. Ke nan daga yamma zuwa gabas yake tafiya. Tsibiri kuma ana zagaye shi saɓanin tafiyar hannun agogo, sai a ƙara place=island, ko place=islet in bai kai murabba'in kilomita 1 ba.

Ci gaba: ƙarshen kowane guntu shi ne farkon na gaba, ɗigo guda. Tazarar da ido ba ya gani ma ɓaraka ce.

Sai na uku, layin ba ya tsallake kansa, ba ya tsallake wani layin gaɓa, ba ya rassa.

Don haka ba a share tsohon layi a zana sabo. Ana gyara wanda ke nan ne, a ja ɗigo, a ƙara ɗigo. A JOSM danna W ka shiga yanayin inganta layi, yana da sauri ƙwarai. Haka tarihin layin ke tsira, alkiblarsa ba ta juyewa, iyakokin da ke jingine da shi ba sa ɓallewa. Gyaran da ya halatta gare ka ba tare da shawara ba shi ne na kuskure bayyananne: layi ya ratsa tsakiyar gari, ya bar tsibiri a ruwa ba a zana ba, ko ya yi nisa da bakin itatuwa alhali tsarin wurin bakin itatuwa ake bi. Inda aka bi bakin waje, gaɓa da kurmi su yi tarayya a ɗigo. Inda aka bi ciki, filin kurmin zai zauna a ɓangaren teku, iyakarsa ta tudu ce za ta manne da gaɓa. Laƙabin wetland=mangrove kuma kada ka ɗora shi kan layin gaɓar kansa, fili daban ne.

Bakin kogi na da tasa rigimar. Dole a wani wuri layin gaɓa ya tsallaka kogi daga wannan gefe zuwa wancan, abin da ke sama ya zama kogi, na ƙasa teku. Filin kogin sai ya manne da wannan tsallake ɗigo da ɗigo. Ina za a tsallaka? A kogi mai faɗin baki irin Bonny ko Kuros Riba amsar ba ɗaya ba ce, kuma ba ƙaramin abu ba ne. A 2020 jayayya kan inda layin zai tsallaka Rio de la Plata, tsakanin Ajantina da Yurugwai, ta sa sabunta gaɓar duniya a taswira ya tsaya tsawon watanni. Inda ka tarar da tsallake, bar shi.

Mataki na bakwai: bincike da ɗorawa

A JOSM danna Shift+V. Duk gargaɗin da ya ambaci gaɓa, ko ba ta haɗu ba, ko ta juye, ko ta tsallake kanta, ba a ɗorawa sai an warware shi. Sauran gargaɗin ka karanta su ɗaya-ɗaya. Wasu tsofaffi ne da ka tarar. Kashe cikon launi ka bar zare kawai, Ctrl+W, ka bi iyakokin da ido. A nan tazara da hawan juna ke fitowa.

Raba ɗorawarka. Kurmi da ƙoramu ƙunshi ɗaya, wato changeset, tarin gyaran da ake ɗorawa a lokaci guda, gyaran gaɓa ƙunshi daban, domin in an sami matsala a janye na gaɓar ba tare da an zubar da sauran ba. Rubuta bayani mai ma'ana, da Turanci tunda masu dubawa daga ko'ina suke: me ka zana, a ina, da wane hoto, kuma bakin waje ka bi ko na ciki. Kada ka bar aiki ya kwana biyu a kwamfuta ba ka ɗora ba. Wani na iya taɓa layin, ka dawo ka tarar da karo. In ka ajiye ka dawo, sabunta bayanan kafin ka ci gaba.

Bayan ka ɗora, kurmi da ƙoramu za su fito a taswira ba da jimawa ba. Gaɓa ba haka take ba. Ana sarrafa ta daban, ana tace ta, in an ga ɓaraka ko babban sauyi a ko'ina a duniya akan dakatar har a duba. Kana iya kwana ɗaya ko fiye kana ganin shuɗi a inda ka mayar ƙasa. Kada ka koma ka sake ja. Buɗe OSM Inspector, shafin binciken kuskuren taswira na kamfanin Geofabrik, ka zaɓi sashen gaɓa, ka ga ko akwai alamar kuskure a wurinka. In babu, jira kawai.

Abin da hoto ba zai ba ka ba

Suna. Kowace ƙorama a can tana da sunanta a bakin Ijaw ko Ogoni ko Itsekiri ko Ibibio, kuma ba ka da ikon ƙirƙira ko kwafowa daga taswirar da ba a yarda ba. Bar gurbin suna fanko ya fi ka cika shi da zato.

Sai dai muna da wata dama da ba mu cika lura da ita ba. 'Yan'uwanmu na can: masu kai albasar Aliero Fatakwal, 'yan kifi, mazauna Bogobiri a Kalaba, masu hidimar ƙasa da aka tura ƙauyukan ruwa. Wanda zai shiga jirgi daga Fatakwal zuwa Bonny, roƙe shi ya kunna manhajar ɗaukar sawun GPS a wayarsa, ya tambayi matuƙi sunan mashigar da suka bi, ya lura da ƙarfe nawa ne kuma ruwa ya kawo ko ya janye. Hoto kuwa ya nemi izini kafin ya ɗauka, kuma ya nisanci wuraren mai da shingayen jami'an tsaro. Yankin ba a wasa da wannan. Sawun jirgi ɗaya yana gaya maka wace ƙorama ake bi da gaske, yana kuma ba ka abin daidaita hoto a inda babu titi ko ɗaya.

In ku ƙungiya ne, kamar ɗalibai ashirin a ɗaki ɗaya, akwai ƙa'idar aikin gayya ta OpenStreetMap: ku rubuta shafin da ke bayyana aikinku, ku sanar da masu taswirar yankin, ku sa alama ɗaya a bayanin ɗorawarku. Ku raba fili ta bin ƙoramu, ba ta murabba'i ba, don kada mutum biyu su ja kurmi ɗaya. Sababbi su tsaya kan kurmi da ƙoramu. Layin gaɓa a damƙa shi ga mutum ɗaya da ya fi kowa sabawa, shi ma ya taɓa shi bayan kowa ya ɗora nasa. In wani daga Fatakwal ko daga wata ƙasa ya bar muku tambaya a ƙarƙashin ƙunshin gyaranku, ku amsa a ranar, ku dakatar da aiki a wannan sashe har ku daidaita.